Kwamfutar da kunne ya zaɓa: saƙo ga Malam daga Ingila

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ɗalibai? Saƙonku na murya ya iso, na saurare shi har sau uku. Kun ce yaran da suka ƙware a birel, rubutun makafi, sun fara matsa muku da tambaya: in mutum ya samu hali, Windows zai nema ko Mac, kuma mece ce wannan Linux da ake cewa kyauta ce? Kun ce tunda Allah ya kawo ni Ingila na taɓa kowacce da hannuna, in faɗi gaskiya ba tare da son kai ba. To ga abin da kunnena ya ji. Na rubuta shi a fili ne don wani ɗan'uwa makaho ma ya tsinci abin da zai amfane shi.

Mai ido da makaho ba abu ɗaya suke saye ba, ko da kwali ɗaya suka ɗauka. Ranar da na je neman tawa, wani yaro mai jiran shago ya fi minti biyar yana yaba min hasken allo da kyan launi, ga farar sandata a gabansa. Na bar shi ya gama, sannan na ce ya ɗan matsa. Na laluba kibod, na haɗa Control da maɓallin Windows da Enter, sai Narrator, manhajar Windows mai karanta wa makaho abin da ke kan allo, ya buɗe baki. Yaron ya yi tsit, can ya ce tun da ya fara aikin bai san na'urar tana magana ba. Na ce ya kai ni teburin Mac, na danna Command da F5, VoiceOver, mai karanta allo na Mac, ya amsa. Nan na yi kusan awa ɗaya ina kai-komo tsakanin tebur biyu, ba wanda ya ce na tsare musu ciniki. Wannan shi ne abu na farko da ya burge ni a nan: kayan a kunne suke, ana barin ka ka gwada. Abin da ka saya ta intanet kuma doka ta ba ka kwana 14 ka fasa ka mayar. Ga wanda ba hoto yake kallo ba, sai ya kwana da na'ura kafin ya san halinta, waɗannan kwanakin ba ƙaramin gata ba ne.

Bari in fara da Windows, don can ne taron makafi yake. Wata cibiya a Amurka mai suna WebAIM takan yi ƙidayar masu amfani da manhajar karanta allo. A wadda ta fitar a 2024, manhajojin JAWS da NVDA kowanne ya tashi da wajen kashi 40 cikin ɗari a matsayin abin da mutane suka fi dogara da shi a kwamfuta, VoiceOver kuwa bai cika kashi 10 ba. Su biyun farko duk a Windows suke zaune. Amfanin wannan ba alfahari ba ne. Ma'anarsa in ka maƙale da dare, akwai wanda ya taɓa maƙalewa a daidai wurin, kuma zai gaya maka maɓallin da za ka danna.

Narrator yana cikin Windows tun shekarar 2000. A da abin dariya ne a wurinmu, yanzu ya yi hankali, har za ka iya ɗora Windows sabuwa fil da shi ba tare da ka kira mai ido ba. Amma ni na ɗauke shi kamar tayar safaya: da shi nake shiga in sauke NVDA, da shi nake ceto kaina in wani abu ya tsaya.

NVDA kuwa Malam kun san shi, da shi kuka fara koya mana. Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su suka raine shi tun daga 2006, kuma har yau kyauta ne. Abin da ban san darajarsa ba sai da na zo nan shi ne ana iya zuba shi a filashi a tafi da shi. Watannina na farko ba ni da kwamfuta tawa. Filashin nan na rataye shi da makullin ɗakina, duk inda aka ba ni aron na'ura sai in soka, in kunna, muryata da saurin da na saba su biyo ni. Na ce saurin da na saba, don abokin zamana mai ido ya taɓa tsayawa a bakin ƙofa ya tambaye ni wane yare ne wannan na'urar take yi. Turancinsa ne, gudu kawai take.

JAWS ya girmi NVDA. Ted Henter, ɗan tseren babur da ya rasa idonsa a hatsarin mota, shi ne tushensa, kuma na Windows ya fito a 1995. Na kuɗi ne, kuɗin ma ba kaɗan ba, in ba ka da lasisi minti 40 zai yi maka aiki sai ka sake kunna kwamfuta. A da ina mamakin me zai sa mutum ya biya alhali ga na kyauta. Wurin aiki ne ya ba ni amsa. An ɗauke ni a wani ofis inda suke da tsohuwar manhajar ajiye bayanan abokan hulɗa, wadda wanda ya rubuta ta bai taɓa tunanin makaho zai zauna a gabanta ba. Ka danna Tab ta ce maɓalli, ka sake dannawa ta ce maɓalli, ba suna ba bayani. Na yi kwana biyu ina ƙirga su da ka: na huɗu shi ne ajiyewa, na biyar gogewa. Kun ga haɗarin. A nan ƙasar dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi gyaran da ya dace don nakasasshe ya iya aikinsa, kuma akwai shirin gwamnati mai suna Access to Work da ke taimakawa da kuɗin kayan aiki da horo. Ta wannan hanyar aka saya min JAWS, aka kawo wani gwani ya rubuta masa ƙarin umarni na musamman don wannan manhajar. Bayan ya gama, maɓallan nan marasa suna kowanne ya samu suna. Shi ya sa ma'aikatu suke riƙe da JAWS: akwai masu sana'ar daidaita shi da kayan ofis, akwai wanda za a kira a waya. Amma ɗalibin da zai karanta littafi, ya rubuta takarda a Word, ya shiga intanet, wallahi ban ga abin da zai rasa a NVDA ba.

Sai Mac, wadda na san ita ce ke ɗaukar hankalin yaran saboda iPhone. Gaskiyarsu ne ta wani gefen. Apple ya sa VoiceOver a cikin Mac tun 2005, ya kai shi iPhone a 2009, kuma ba a biyan komai daban. Ka ciro ta daga kwali, kai kaɗai a ɗaki, ka saita ta tun daga farko har ƙarshe. Ko ta rikice ka shiga sashen gyara, muryar tana nan. Batirinta kuma tun da suka koma nasu injin a 2020 yana kai ka yini. Wanda ya saba da muryar Eloquence ta JAWS ma zai same ta a Mac tun 2022.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda take kallon allo. A Windows, shafin intanet yana zame maka kamar takarda ɗaya miƙaƙƙiya: kibiyar ƙasa layi bayan layi, H ta kai ka kan magana, B ta kai ka maɓalli. A Mac komai akwati ne cikin akwati. Ka zo kan tebur ko jerin saƙonni, VoiceOver zai faɗa maka ga shi, amma ba ka shiga ba tukuna. Sai ka riƙe Control da Option da Shift da kibiyar ƙasa, yatsu huɗu, sannan ka faɗa ciki. Ka gama kuma ka fito ta kibiyar sama kafin ka wuce gaba. Makon farko na yi ta zagaye a waje ina cewa manhaja babu komai a ciki, ashe ni ne ban buɗe ƙofa ba. Da na gane, sai na ga hikimar: kana tsallake abu ɗari da dannawa ɗaya, kuma kana samun hoton yadda allon yake a zuciyarka. Sai dai hannun da ya shekara goma a Windows ba ya sakin tsohon hali cikin sauƙi. Kuma ga abin da ya fi damuna: a Mac VoiceOver ne kaɗai. In wani shafi ya ƙi shi, ba ka da na biyu da za ka kira. A Windows in NVDA ya gaza sai in gwada JAWS, in ya gaza in gwada Narrator, da wuya duka ukun su faɗi a wuri ɗaya. Makafin da na sani a nan masu aikin haɗa sauti da kiɗa da yawansu ba sa rabuwa da Mac. Masu fama da manyan teburan lissafi na Excel da dogayen takardu kuwa, kusan duk Windows suke komawa. Wasu kan ɗora Windows a cikin Mac ɗin ta hanyar manhaja irin Parallels, don sababbin Mac ba sa karɓar tsohuwar dabarar raba na'ura biyu. Yana yiwuwa, amma kibod ɗin Mac ba shi da Insert, maɓallin da ake ba NVDA da JAWS umarni da shi, sai ka yi ta dabara da Caps Lock. Ban ba sabon shiga wannan shawarar ba.

Linux ba zan daɗe a kanta ba. Tana da mai karatu, Orca, ana tashinsa da Super (wato maɓallin Windows) da Alt da S, kuma Debian, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, ita ma in ka danna S a farkon ɗorawa za ta yi maka magana har ka gama. Tana rayar da tsohuwar na'urar da Windows ta yi wa nauyi. Amma ranar da sauti ya ɗauke, kai ne makanike kai ne mai mota. In akwai yaro a cikinsu mai son rubuta manhaja, mai jin daɗin kwance abu ya ɗaura, ku bar shi ya shiga, zai koyi abin da ni ban sani ba. Kada dai ta zama kwamfutarsa tilo a shekarar jarrabawa. Chromebook ma tana da nata, ChromeVox, a Control da Alt da Z, sai dai rayuwarta kusan duk a intanet take.

Akwai kuma maganar da babu mai shago a nan da zai taɓo maka ita: Hausa. Muryoyin Turancin nan masu daɗi, na Windows da na Mac, in suka ci karo da saƙon Hausa sai su koma abin tausayi. Sunana ma ba sa faɗa daidai. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, wata muryar ta haɗiye su, wata ta tsaya tsakiyar kalma tana karanto maka sunan harafin da Turanci. Dabarar da na tsaya a kanta ita ce NVDA da muryar eSpeak, in juya ta zuwa Suwahili, don su wasulansu a miƙe suke kamar namu. Muryar kamar ta gwangwani, ba karin sauti, amma ana ganewa. Sannan na shiga ƙamus ɗin furuci na NVDA na ce duk inda ya ga ƙ ya faɗi k, ɗ ya faɗi d, ɓ ya faɗi b. Asarar ita ce ƙafa da kafa sun zama ɗaya a kunne, sai ma'ana ta raba. In ina gyaran rubutu sai in bi harafi harafi. Wannan saƙon ma haka na duba shi, in kun ga kuskure ku yafe wa ɗalibinku. Samun damar yin irin wannan kwaskwarima cikin sauƙi yana cikin abin da ya riƙe ni a Windows.

To Malam, in kun ce in yanke, ga yadda zan gaya wa yaran. Wanda zai yi karatu ko neman aikin ofis ya ɗauki Windows ya sa NVDA, ya kuma koyi JAWS ko da na minti 40 ɗin ne, don wata rana zai tarar da shi a wurin aiki. Wanda ya ƙwallafa rai a Mac, ya fara samun ta wani ya zauna da ita mako guda, kuma ya tambayi kansa wa zai kira in ya ɓace a cikin akwatunan nan.

In ta hannu za a saya, a kula. Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma ba kowace tsohuwar na'ura ce ke ɗaukar Windows 11 ba, tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. NVDA ma ya bar Windows 7 tun fitowarsa ta farkon 2024. Kuma mai sayen ya shafa kibod da kansa, kada a aika wani. Ya nemi Insert, ya ji ko kibiyoyin huɗu a rarrabe suke ko an matse su, ya ji ko akwai ɗan tazara tsakanin maɓallan F na sama, ya tabbatar akwai ramin iyafis. Tawa ta farko a nan na yi sakaci, sai da na kai ta ɗaki na gano F ɗin duk an mayar da su na ƙara sauti da rage haske, kuma wanda ke kashe sauti gaba ɗaya yana maƙwabtaka da Escape. Sau biyu na kashe wa kaina murya ina zaton na'urar ce ta mutu. Yanzu na ɗiga masa ɗan gam ya bushe, yatsana na jin tudun sai ya kauce.

Ku turo min sunayen na'urorin da yaran suke da su a hannu yanzu, in duba wacce za ta ɗauki Windows 11. Fayil ɗin ƙamus na haruffa masu lanƙwasa kuma zan haɗo muku da shi a saƙo na gaba, in sha Allahu, kwafa kawai za a yi. A gaida mutanen gida da ɗalibai baki ɗaya. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.