Kwamfuta ko PS? Ga abin da zan ce ka saya

Ƙanena da ka tambaya ko kwamfuta za ka haɗa ko PS (PlayStation, na'urar gem ta kamfanin Sony) za ka saya saboda irin su GTA da Red Dead, gem ɗin da ake sakinka a fili ka yi ta yawo: sayi PS. In aljihu ya kai, PS5 mai cin faifai. In bai kai ba, PS4 Slim ta hannu mai lafiya. Na ga 'yan'uwa sun cika ka da zancen kyan hoto, ni kuwa ta wajen wuta da data da zafin Kano zan ɓullo maka, don su ne suka koya min hankali.

PS4 Slim ɗina tun 2019 take hannuna. Ƙaramin janaretan gidanmu, irin wanda ake ɗauka da hannu ɗaya, yana ɗaukarta da talabijin da fanka da ƙwan ɗaki, ko tari ba ya yi. Abin da take ja bai fi wat 100 ba. PS5 tana kaiwa wajen 200, ita kuwa kwamfutar gem ta tebur mai katin hoto na kirki sai ta ja 300 zuwa 400, ban da allon. Kada ka raina wannan lissafi. Gem ɗin yawo ba wasan ƙwallo ba ne da za ku yi minti goma a miƙa wa na gaba hannu. Labarin Red Dead Redemption 2 kaɗai sai ya ci maka awa 50, ban da farauta da kamun kifi da sauran shiriritar da ke ɗauke wa mutum hankali a hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace awa a kan janareta kuɗi ce.

Bari in ba ka labarin da ya sa ba zan taɓa rabuwa da PS4 ɗina ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, dattijo ne da ya yi kiwon doki da ƙuruciyarsa, har hawan sallah ya sha yi. A wajensa gem aikin marasa aikin yi ne. Wani dare na hunturu bayan isha'i ya leƙo ɗakina zai aike ni, ya tarar ina buga Red Dead, ina kan wani akawal ina ratsa dusar ƙanƙara. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da labule, bai ce komai ba. Can sai na ji ya ce, "Kai, ba ka ji numfashin dabbar nan ba? Sassauta masa mana." Na sassauta. Ya shigo ya zauna a bakin katifa. Na nuna masa ana iya sauka a goge wa dokin jiki, a ba shi abinci, a shafa wuyansa in ya firgita. Ya ce in juyo da hoton ya ga sirdin, ya duba likkafa, ya ce linzamin bai kai namu ƙarfi ba amma wanda ya zana tafiyar dokin nan ya san doki. Aiken dai ba a yi shi ba a ranar. Har yau in ya zo gidan sai ya tambaye ni, "Ina akawal ɗinka, ka ba shi ruwa kuwa?" Wannan zama na mutum biyu uku a gaban talabijin, hannu yana zagayawa, ban taɓa samunsa a gaban laftof ba.

Sai maganar data, wadda ita ce ta biyu wajen cin mutum. Red Dead a PS4 faifai biyu ne, ka zura, ka jira ya sauka a cikin na'urar, wajen giga 100, ba tare da ka ƙona ko rabin hakan a intanet ba. A kwamfuta giga 150 yake nema, kuma saukewa za ka yi. Gwada sauke wannan da datar waya ka ji yadda ake kwana ana gadin layi. Faifai kuma dukiya ne. Na gama Ghost of Tsushima na yi musaya da The Witcher 3, na gama shi na cika 'yan kuɗi na karɓi Elden Ring, wanda ya kusa sa ni jifa da hannun gem. Wanda ka saya a Steam, kantin gem ɗin kwamfuta na intanet, kuwa ya zauna a asusunka ke nan, ba sayarwa ba musaya. Shi ya sa na ce mai cin faifai. Kada arha ta ja ka ga PS5 marar faifai ko Xbox Series S, don duk abin da za ka buga a kansu sai ka sauke shi. Sabuntawa dai ba makawa sai da data, amma da sauƙi.

Kafin PS ɗin nan laftof na fara saya, kuma har yau in na tuna sai na yi tsaki. Mai shagon ya ce min Core i7 ce, giga 4 na hoto, "duk wani gem za ta ɗauka." Ashe i7 ɗin tsohon zubi ne na wajen 2012, hoton kuma ba kati ne mai zaman kansa ba, na Intel ne da ke gutsurar ƙwaƙwalwar kwamfutar. GTA V ya buɗe, ba ƙarya, amma mota tana tafiya kamar ana nuna maka hotuna ɗaya bayan ɗaya, titi ma wani lokaci sai ya ɓace a gabana. Da watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, minti ashirin take yi ta ɗauke da kanta. Har kan bulo biyu na ɗora ta, na kunna mata fanka ita kaɗai ni ina zufa. Da asara na rabu da ita.

Ba zan ce kwamfuta ba ta da nata ba. Wanda ya haɗa ta tebur da kati irin RTX 3060 zai ga hoton da PS4 ba ta isa ta nuna ba, zai cusa wa GTA V motoci da kayan da masoya gem suka ƙirƙira, zai samu rangwamen Steam, ba kuma zai biya kuɗin wata-wata don yin wasa da mutane a intanet ba kamar yadda ake biyan PlayStation Plus. A Mayun 2020 ma kyauta Epic, wani kantin irin Steam, ta raba GTA V. In gidanku akwai sola mai ƙarfi, kuma dama kana aikin haɗa bidiyo ko zanen gini, to haɗa ta, jifa ɗaya tsuntsu biyu. In gem kawai kake so, wahala za ka saya da tsada. Ga jira kuma: GTA V ya fito 2013, bai zo kwamfuta ba sai 2015. Red Dead 2 ya fito 2018, kwamfuta sai ƙarshen 2019. Ghost of Tsushima daga 2020 har 2024. GTA VI ma da Rockstar, kamfanin da ke yin sa, ta sanar da shi, PS5 da Xbox Series ta ambata.

Wannan na ƙarshen shi ne inda PS4 ta gaza, gara ka sani tun yanzu. GTA VI ba zai zo mata ba, Spider-Man 2 na 2023 ma bai zo ba. Cyberpunk 2077 da ya fito a Disambar 2020 ya wahalar da ita har Sony ta cire shi daga kantinta na watanni. Buɗe GTA V a kanta kuwa, sai ka haɗa shayi ka dawo. Amma abin da ke kanta ya ishe ka shekaru. Nemi Assassin's Creed Mirage ka yi yawo a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, har muryoyin za ka iya mayarwa Larabci. Ranar da ka samu PS5 kuma faifanka ba su zama asara ba, kusan duka tana karantawa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, don 'yan kasuwar kayan nan akwai na Allah akwai na shaiɗan. Ko kasuwar Farm Centre ka nufa ko ta Beirut Road a nan Kano, tafi da wanda ya san kan abin, kuma kada ka biya sai an kunna a gabanka. A sa gem mai nauyi ya yi rabin awa, ka kasa kunne. In fankar ciki tana ƙugi kamar injin markaɗe, ajiye ta. Duba tambarin da ke kan notin baya, in an ɓalle shi an taɓa buɗe ta. Zura faifai ka fitar sau uku. Girgiza wayar talabijin a raminta ka ga ko hoto zai yanke. A haɗa ta da intanet ka shiga asusunka na PlayStation, don akwai waɗanda Sony ta toshe, ba sa ƙara shiga har abada. Saki hannun gem ɗin ka ga ko mutumin cikin allo zai fara tafiya shi kaɗai, sannan ka ɗaga shi ka ji nauyi, jabu ba ya da nauyi kuma batirinsa ba ya jimawa.

Wanda ya fi yaudarar sabon shiga shi ne "cike take da gem." Biyu ne: ko an fasa manhajar, wadda da zarar ka sabunta ta komai ya rufe, kuma ba wasa da mutane a intanet, ko kuma a asusun wani gem ɗin suke, ranar da ya canza lambar sirri sai ka wayi gari ka ga kwaɗo a kan kowanne. Sa a rubuta maka rasit da lambar na'urar, da kwanakin da aka yarda ka dawo da ita in ta ba da matsala. Wajen buɗe asusu kuma ba za ka ga Najeriya a jerin ƙasashen ba. Zaɓi Amurka ko Ingila ka tsaya a kai, katin kuɗin da za ka riƙa saya ya zama na ƙasar da ka zaɓa.

In ta iso gida kada ka ajiye ta a kan kafet ko cikin durowa. Ɗora ta inda iska ke ratsawa, ka rufe ta da ƙyalle in ba ta aiki, musamman da hunturu, ka kuma kula da kyankyasai don suna son ɗumin cikinta. Sayi ƙaramin UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, tun ranar farko. Sau biyu ana ɗauke min wuta tana tsakiyar adana wasa, na biyun sai da na maimaita aikin kwana uku.

In ka sayo ka yi min magana, Horizon Zero Dawn yana nan a ajiye, zo ka ara. Red Dead kam ba ya fita daga gidan nan, Kawu zai zo ranar Juma'a.