GARGAƊI: Naira 1,560,000 na Kawu sun tafi a kan kwamfutar sikeli ta bogi

Assalamu alaikum jama'a. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa don kunya, amma yau sai na faɗa. Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyar da sittin. 1,560,000. Kuma ba kuɗina ba ne, na Kawu ne, kuɗin injin shinkafarmu na nan hanyar Argungu, shi ya danƙa min ya ce kai ka yi karatun abin, je ka sayo mai kyau.

Abin da muke nema kwamfuta ce guda biyu irin ta masana'anta, ƙaramar nan mai jikin alminiyom da ba ta da fanka, ɗaya a sikelin da tirela ke hawa da shanshera, ɗaya a ɗakin na'urar tantance shinkafa. Duk wanda ya taɓa shiga injin casa ya san dalili, ƙura da ɓuntu ba sa barin kwamfuta mai fanka ta yi shekara, ta ofis biyu muka binne a wurin, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40.

Kuma kar wani ya zo ya ce min ban yi bincike ba. Na yi. Sati biyu ina kwatanta firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Na duba masu ARM, suna da araha ba sa cin wuta, amma manhajar sikelinmu a Windows kaɗai take tashi, na ajiye su. Na duba Intel Atom x6000E da suka fito 2020, da sikeli kaɗai ne da sun isa, to amma muna da kyamara biyu masu ɗaukar lambar mota, shi ya sa na tsaya a kan Core i5-8365UE, na 2019, ƙwaya huɗu zare takwas (wato ayyuka takwas yake ja lokaci guda), wat 15, irin wanda Intel ke ci gaba da samarwa shekaru masu yawa don masu masana'anta. Zaɓina daidai ne, har gobe zan sake faɗa. Mutumin da ya sayar min ne ɓarawo.

A wani guruf na WhatsApp na masu injina na same shi, wai shagonsa na Legas. Ko da yake a'a, shi ya fara yi min magana, bayan na yi tambaya a guruf ɗin. Ya kira ni bidiyo, ya kunna kwamfutar a gabana, ya nuna min sikirin, ga suna nan ɓaro-ɓaro i5-8365UE. Sai ya ce, "Injiniya, indiketar sikelinku RS-232 ce ko RS-485? Kar in turo maka abin da ba zai hau ba." Wato yana tambayar irin wayar da na'urar nuna nauyi ke jonuwa da kwamfuta. Wallahi wannan tambayar ce ta kashe ni. Na ce a raina ɗan damfara ina zai san RS-485. Muna cikin magana aka kira la'asar ya ce Yallaɓai bari in yi salla in kira ka, kuma ya kira. Ya kira fa! Kullum dare sai na dawo kan wannan, RS-232 ce ko RS-485, bari in yi salla in kira ka. Wa zai ji haka ya yi zargi?

780,000 kowace ɗaya. Na fara tura 1,100,000, da direba ya kira ya ce kaya sun shigo tashar Birnin Kebbi na cika 460,000 tun kafin in buɗe kwali, nan ne kawai zan ce na yi gaggawa, amma ranar motoci shida ne a layi daga Suru da Kamba ana auna su da takarda da biro, Kawu yana ta kira.

Kwana uku na farko lafiya lau. Ko kwana biyu ne, oho. Da muka jona kyamara sai komai ya riƙa daskarewa, direba na kan sikeli yana hon, tikiti ya ƙi fita sai an yi minti huɗu biyar. Cikin ramukan COM (na jona sikeli) huɗu da ya yi alkawari biyu ne ke aiki, RS-485 ɗin da ya tambaye ni da bakinsa babu ita sam. Na kira shi ya ce manhajarku ce, na kuma yarda, na kwana ina sake lodawa.

Wani abokina da muka yi poli tare shi ya zo ya buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna aikin firosesa, ya ce kai dubi nan, zare huɗu ne ba takwas ba. Ya sa CPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin firosesan da ke cikin kwamfuta, daga filash ɗinsa. Celeron J1900. Jama'a J1900! Firosesan 2013, wanda ko Windows 11 ba ta karɓarsa, ga Windows 10 Microsoft sun daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Ashe sunan da Windows ke nunawa rubutu ne kawai da ake iya canzawa a cikin rajista, an sa wani ɗan fayil da ke sake rubuta sunan ƙarya duk lokacin da aka kunna. Muka kwance sukurori huɗu na ƙasa, ram ɗin (ma'ajiyar aikin kwamfuta) an rubuta PC3L a jikin sitika, wato tsohon nau'i DDR3L, alhali i5 ɗin nan ba ya aiki da ita. Ciki duk tsohuwar ƙura baƙa ƙirin wadda ba tamu ba, man da ake shafa wa firosesa ya bushe kamar busasshiyar laka. Tsofaffi ne aka goge aka manna musu sitikar Core i5, har gefenta ya fara ɗagowa, kuma na gani tun ranar farko na danna da yatsa na mayar.

J1900 ba banza ba ne, akwai wuraren da yake aiki shekara da shekaru, da ya ce min shi ne a kan kuɗinsa ba zan ce komai ba. Amma 780,000? Sau biyu? 1,560,000?

Na tura masa hoton CPU-Z, ya karanta, shuɗin layi biyu, sai hotonsa ya ɓace. Ya toshe ni. An cire shi daga guruf amma lambar da ya bayar ta shago a kashe take. Na je banki na cike takarda, na kai ƙara wurin 'yan sanda, ina jira.

Abin da ya fi ƙona min rai Kawu ne. Na same shi bayan isha'i a ƙofar gida na ce Kawu an cuce ni, kuɗin sun tafi. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce "Allah ya mayar da alheri, je ka kwanta." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba, buhu nawa za a casa kafin a mayar da 1,560,000.

Ku dai kar ku cika kuɗi sai kun sa CPU-Z da hannunku, ku ƙirga zare, ku buɗe ku ga ram. Bidiyo ba hujja ba ce.

Sikirinshot na hirarmu, rasit biyu na 1,100,000 da 460,000, da hoton cikin kwamfutar duk suna wayata, zan ɗora su da daddare in wuta ta dawo. Muryarsa ma ina da ita, inda yake cewa Injiniya RS-232 ce ko RS-485. Duk wanda ya gane muryar nan don Allah ya yi min magana ta inbos.