Tarbar masu bincike a Ny-Ålesund: sharhi kan hidimar kamfanin Kings Bay

Duk mai binciken kimiyya da aiki ya kai shi Ny-Ålesund, ɗan ƙaramin garin da ke tsibirin Spitsbergen na ƙasar Nowe, kusa da ƙuryar arewacin duniya, to a hannun kamfani guda zai sauka, wato Kings Bay, mallakin gwamnatin ƙasar. Shi ke kula da filin jirgin sama da tashar jiragen ruwa, shi ke ba da wuta da ruwa, kuma shi ke ciyar da kowa. A da kamfanin haƙar kwal ne, har zuwa hatsarin 1962 da ya ci rayukan ma'aikata 21, wanda bayansa aka rufe ramukan haƙar, garin ya koma sansanin bincike. Na yi mako uku a can cikin watan Yuli ina ɗibar samfurin ruwa a mashigin teku na Kongsfjorden.

Daga Longyearbyen, babban garin tsibirin, ake tashi a ƙaramin jirgi ƙirar Dornier 228, wanda kujerunsa ba su kai ashirin ba, tafiyar kuma kimanin rabin sa'a ce a saman duwatsu da ƙanƙara. Hazo ya hana mu tashi har kwana guda, amma wannan ba laifin kowa ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake kafa wa baƙo dokokin wurin tun kafin ya ajiye jakarsa, ba tare da an ci masa fuska ba. Ta farko ita ce kashe Wi-Fi da Bluetooth a waya da kwamfuta da agogon hannu, domin hukumar taswira ta Nowe tana da manyan farantan eriya a gefen garin da ke kama raunanan sigina daga can nesa a sararin samaniya don auna juyawar duniya, kuma ƙaramar na'ura a aljihu tana iya ɓata musu awo. Intanet ɗin yana da sauri ƙwarai, sai dai da igiya ake jona kwamfuta. Ta biyu ta shafi farar beyar, babbar dabba mai cin nama da ke rayuwa a yankin ƙanƙara: ba a ƙetare iyakar gari sai da bindiga, ba a kuma riƙe bindigar sai an yi horo. Malamin da ya horar da mu ya fi ɓata lokaci kan yadda za a hango dabbar daga nesa a kauce mata, da yadda za a kore ta da bindigar tartsatsi, fiye da kan harbin kansa, na kuma ga hikimar hakan. Ba a kulle ƙofofin gidaje, saboda wanda ya yi kiciɓis da ita ya samu wurin fakewa. Ni dai ban gan ta ba. Waɗanda suka addabe ni wasu ƙananan tsuntsayen teku ne masu sheƙa a bakin hanya, da ke sarar ƙoƙon kan mai wucewa har sai ya koyi ɗaga sanda sama da kansa.

A ɗakin cin abinci guda ake haɗuwa, bayan an tuɓe takalma a ƙofa kamar yadda ake yi tun zamanin masu haƙar kwal. Nan za ka ga Jamusawa da Faransawa suna teburi ɗaya da mutanen tashar Himadri ta Indiya da ta Dasan ta Koriya ta Kudu. Abincin wadatacce ne, kifi ya fi yawa, kuma da na tambayi masu dafawa wanne ke ɗauke da naman alade, sun nuna mini ba tare da ƙosawa ba. Rana ba ta faɗuwa a wannan lokaci, don haka da agogo na riƙa tsayar da lokutan salla, labule mai kauri kuma ya taimaka wajen barci.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi, domin ana biyan kujerar jirgi da kwana da abinci da hayar kwale-kwale, kowanne da lissafinsa, kuma a farashin Nowe. Wanda ke shirin zuwa ya fara rajistar aikinsa da wuri a Research in Svalbard, shafin intanet na rajistar ayyukan bincike a tsibiran Svalbard da Spitsbergen ke cikinsu, ya kuma saka kwana biyu na rara a kasafinsa saboda hazo.