Ma'aunin matsin iska na dijital: yadda na same shi a bakin aiki

Sana'ata a Zariya haɗa manyan na'urorin sanyaya ɗaki ce, irin waɗanda ake jan bututunsu ta cikin silin a ɗakunan taro da otal-otal. Rigimarmu da masu gini ba ta canzawa: inji sabo fil, janareto na shan mai, ɗaki kuma ya ƙi sanyi. Sau tari injin ba shi da laifi. Sanyin ne ke zurarewa ta mahaɗar bututu, ya ƙare ƙarƙashin kwanon da rana ta gasa. Abin da ya sa na sayi wannan ma'auni ke nan.

Girmansa bai fi tafin hannu da yawa ba, yana da tasha biyu da bakunan tiyo huɗu. Za ka toshe duk mafitar iska da leda da salatif, ka ɗaura fankar gwaji, ka hura har matsin cikin bututu ya kai faskal 25 (da faskal ake ƙidaya matsin iska). Tasha ɗaya na nuna matsin, ɗayar na nuna yawan iskar da fanka ke turawa don kada matsin ya faɗi. Wannan adadi na biyu shi ne yoyon. A tsohon ma'auni mai ruwa a tiyo, faskal 25 tazarar milimita biyu da rabi ce kacal, sai ka ƙanƙance ido kana cinta. Wannan kuwa har kashi ɗaya cikin goma na faskal yana nunawa.

Na fi jin daɗinsa a wani ɗakin taro a Sabon Gari. Mai wurin ya rantse injin jabu aka sa masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsaya nan ka zuba wa lambar ido." Yarona ya hau silin yana shafa gam a mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, lambar tana sauka a gabansa. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe silin nake sanyayawa da kuɗina."

Sai dai hunturu ba ya raga masa. In iska ta taso da hantsi, lambobin sai su yi ta tsalle, dole ka fara auna matsin wurin kafin ka kunna fanka, sannan ka sa shi ya riƙa ba da matsakaicin daƙiƙa 10. Ni yanzu da yamma nake gwaji, in ta lafa. Tiyon ma shagwaɓa gare shi: in aka taka shi ko ya daɗe a rana, awo ya ɓaci. Ƙura kuwa, kullum sai na hure shi kafin in jona. Kuma lokaci-lokaci ana so a mayar da ma'aunin a sake daidaita shi, kuɗin aikawa kaɗai ya isa ciwon kai.

Gwajin gini gaba ɗaya, wanda ake kafa fanka a ƙofa a kai faskal 50, ban cika yin sa ba. A gida mai tagar luba da ƙofar da ba ta haɗuwa da dabe, da ƙyar fankar ke kai matsin.

Mai sa ƙananan esi na bango ya riƙe kuɗinsa. Mai aikin bututu kuwa ya saya, amma ya lissafa da fankar tun farko, domin ba ta zuwa tare da shi, kuma in babu ita matsi kawai zai gani, ba yawan yoyo ba.