Sharhi kan TheyWorkForYou, shafin da ke bin diddigin 'yan majalisar Birtaniya

Birtaniya ƙasa ce da ba ta da kundin tsarin mulki guda ɗaya rubutacce wanda mutum zai ɗauko ya buɗe sashe kaza ya ce ga abin da doka ta tanada. Tsarin mulkinta a warwatse yake cikin dokokin da majalisa ta yi a zamuna daban-daban, da hukunce-hukuncen kotuna, da al'adun mulki waɗanda ba a rubuta su a matsayin doka ba amma ake bin su. Sarki ne shugaban ƙasa, firaminista ne shugaban gwamnati, kuma duk wani gyaran tsarin mulki ana yin sa ne da doka irin ta yau da kullum, da rinjaye irin wanda ake zartar da dokar haraji da shi. A irin wannan ƙasa, wanda yake son ya san ko masu mulki suna riƙe amana ba shi da madogarar da ta wuce rubutaccen tarihin abin da aka faɗa da abin da aka kaɗa wa ƙuri'a a majalisa. Wannan tarihi ne shafin intanet na TheyWorkForYou yake tattarowa ya shimfiɗa wa jama'a kyauta, kuma na daɗe ina amfani da shi wajen bibiyar muhawarorin gyaran tsarin mulkin ƙasar.

An buɗe shafin a shekarar 2004, kuma ƙungiyar agaji ta mySociety ce ke tafiyar da shi da tallafi da gudummawar jama'a. Ba na gwamnati ba ne, ba kuma na majalisa ba. Yana ɗauko bayanansa ne daga Hansard, wato rahoton hukuma na zaman majalisa, sannan ya sake tsara su ta yadda kowace magana za ta zo da sunan wanda ya yi ta da hotonsa da jam'iyyarsa da mazaɓarsa. Mazaunin Birtaniya lambar gidan wayar unguwarsu kawai zai rubuta, sai shafin ya fito masa da wakilinsa daga cikin 'yan Majalisar Wakilai 650. Wanda ke wajen ƙasar zai iya neman suna ko wata kalma, kuma ba a buƙatar rajista kafin a karanta. Bayan majalisun biyu da ke Westminster, mazaunin majalisar ƙasa a birnin Landan, shafin yana ɗauke da muhawarorin majalisun Scotland da Wales da Ireland ta Arewa. Yana buɗewa ba tare da nauyi ba ko a wayar hannu, domin yawancinsa rubutu ne.

Inda shafin ya fi burge ni shi ne wajen bincike. Mu ɗauki rikicin dakatar da majalisa na 2019. A ranar 28 ga Agusta na shekarar, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta amince da shawarar Firaminista Boris Johnson ta rufe majalisa na tsawon makonni biyar, a daidai lokacin da wa'adin ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai ke ƙaratowa. A ranar 24 ga Satumba alƙalai 11 na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci baki ɗaya cewa shawarar ta saɓa wa doka, kuma rufewar tamkar ba a yi ta ba ne. Washegari 'yan majalisa suka koma zauren. Duk wanda ya nemi zaman ranar 25 ga Satumba a shafin zai karanta yadda Antoni Janar na lokacin, Geoffrey Cox, ya tsaya yana amsa tambayoyi, yana cewa gwamnati ta karɓi hukuncin, amma kuma cikin zafin rai ya kira majalisar matacciya wadda ba ta da hurumin ci gaba da zama. Zai ga wanda ya yi masa tambaya, da abin da ya amsa, da inda ya kauce wa amsa, duka a jere, kuma kowace magana tana da nata adireshin da za a iya kwafa a tura wa wani. Ga ɗan jarida ko ɗalibin shari'a wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin ba sai ya dogara da gutsuren da kafafen labarai suka zaɓo masa ba.

Akwai kuma sanarwar imel. Mutum zai iya zaɓar ɗan majalisa ko wata kalma, sai a riƙa aiko masa da saƙo duk lokacin da wakilin ya yi magana ko aka ambaci kalmar a zauren. Ta wannan hanya na bi muhawarar ƙudirin da gwamnatin Labour ta gabatar a watan Satumban 2024 domin cire ragowar masu gadon kujera daga Majalisar Lords (majalisar dattawan ƙasar), wato kujeru 92 ɗin da dokar 1999 ta bari bayan ta sallami ɗaruruwan masu gadon. Sanarwar tana zuwa a taƙaice, da 'yan layuka na maganar da hanyar zuwa cikakken bayanin, kuma ba ta cika akwatin mutum da tallace-tallace.

Shafin kowane ɗan majalisa yana ɗauke da jawabansa, da tambayoyin da ya aika wa ministoci a rubuce tare da amsoshinsu, da rajistar kuɗaɗen da yake samu a wajen majalisa: aikin da yake yi wa kamfanoni, da kyaututtuka, da tafiye-tafiyen da wasu suka biya masa. Muhimmancin wannan rajista ya fito fili a lamarin Owen Paterson a 2021. Kwamitin ɗa'a na majalisa ya same shi da laifin kai ƙoƙon barar wasu kamfanoni biyu da ke biyan sa albashi gaban ministoci da jami'an gwamnati, kuma ya ba da shawarar a dakatar da shi na kwanakin zama 30. A ranar 3 ga Nuwamba gwamnati ta umarci 'yan jam'iyyarta su goyi bayan wani gyara da zai jingine hukuncin ya kuma sake fasalin tsarin binciken kansa, aka yi nasara da ƙuri'a 250 a kan 232. Jama'a suka yi ca, washegari gwamnati ta janye, Paterson ya yi murabus, kuma a zaɓen cike gurbi da aka yi a watan Disamba jam'iyyar Conservative ta rasa kujerar North Shropshire wadda ta daɗe a hannunta. Sunayen mutum 250 ɗin nan suna nan a rubuce, kuma kowane mai zaɓe zai iya duba ko nasa wakilin yana cikinsu. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa shafin ya cancanci a yaba masa.

Ya kamata a tuna cewa dokokin da ke ba irin wannan bayani haƙora ba su daɗe da samuwa ba. Bayan badaƙalar kuɗaɗen alawus ta 2009, lokacin da jaridar Daily Telegraph ta fallasa abubuwan da 'yan majalisa ke neman a biya su daga baitulmali, har Kakakin Majalisa Michael Martin ya sauka, aka kafa hukuma mai zaman kanta da ke kula da albashi da alawus ɗin 'yan majalisa. A 2015 kuma aka yi dokar kiranye, wadda ta ba masu zaɓe damar tsige wakilinsu idan kashi 10 cikin 100 suka sa hannu, amma sai in an yanke masa hukuncin ɗauri, ko an same shi da laifin ƙarya a kan alawus, ko majalisa ta dakatar da shi na aƙalla kwanakin zama 10. Da wannan doka aka cire Fiona Onasanya a Peterborough a 2019 da Margaret Ferrier a Scotland a 2023. Wanda ya san wannan sharaɗi na kwana 10 zai fahimci dalilin da ya sa aka yi ta ja-in-ja a kan kwana 30 na Paterson.

Sashen da aka fi cece-kuce a kansa shi ne taƙaitaccen bayanin yadda ɗan majalisa ke kaɗa ƙuri'a, inda shafin kan ce wane ya saba goyon bayan abu kaza ko ya saba adawa da shi. Taƙaitawar tana da amfani ga mai gaggawa, amma tana buƙatar a karanta ta da lura. A majalisar Birtaniya bulaliyar jam'iyya tana da ƙarfi sosai, kuma umarnin da ake raba wa 'yan majalisa kowane mako, inda ake ja wa muhimmiyar ƙuri'a layi uku a ƙasa, ba a wallafa shi. Saboda haka ƙuri'ar da ke rubuce sau da yawa matsayin jam'iyya ce, ba lallai ra'ayin mutumin ba. Masu shafin sun san da haka, shi ya sa suke kwatanta ƙuri'un mutum da na sauran 'yan jam'iyyarsa, kuma wuraren da ya saɓa musu su ne suka fi faɗa wa mai karatu wani abu game da shi. Sannan abubuwa da yawa ana zartar da su ne da murya ba tare da an ƙirga sunaye ba, kuma rashin sunan mutum a ƙuri'a ba ya bayyana ko ƙauracewa ya yi da gangan, ko rashin lafiya ce, ko kuwa aikin gwamnati ne ya fitar da shi. Kakakin majalisa ba ya kaɗa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. 'Yan jam'iyyar Sinn Féin kuwa ba sa shiga zauren kwata-kwata, domin ba su yarda da ikon Westminster a kan Ireland ta Arewa ba kuma ba za su yi wa Sarki rantsuwar biyayya ba. Tun a 2006 jaridu suka ruwaito cewa wasu 'yan majalisa na yawaita gajerun maganganu marasa tushe don lissafinsu ya ƙaru a shafin, abin da ya sa aka rage nuna irin waɗannan alƙaluma. Na ga wannan a matsayin alamar cewa masu shafin suna sauraron suka.

Babbar iyakar shafin, wadda ita ce ta fi damuna, ba daga masu shi take ba, daga tsarin mulkin ƙasar take. Shafin yana nuna abin da aka faɗa a majalisa ne kawai, alhali wani ɓangare mai nauyi na ikon mulki a Birtaniya ba ya bi ta zauren majalisa. Firaminista yana ganawa da Sarki kowane mako, kuma ba a rubuta abin da suka tattauna. Ƙa'idojin majalisa sun hana a soki halayyar Sarki a muhawara sai ta hanyar ƙudiri na musamman. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ma, gyaran da aka yi mata a 2010 ya rufe ƙofar neman wasiƙun da ke tsakanin gwamnati da Sarki ko magajinsa. Gaskiya ne cewa rabon da wani mai sarauta ya ƙi sa hannu a kan dokar da majalisa ta zartar tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Sai dai akwai wata al'ada ta dabam, wadda ta tanadi cewa duk ƙudirin da ya taɓa ikon sarauta ko dukiyarta sai an nemi yardar fada kafin majalisa ta kammala shi. A 2021 jaridar Guardian ta ruwaito cewa dokoki fiye da 1,000 ne suka bi ta wannan hanya a zamanin Sarauniya Elizabeth, kuma fadar ta amsa da cewa al'ada ce kawai, ba ta taɓa hana wata doka ba. A rahoton majalisa abin da mai karatu zai gani shi ne ɗan gajeren layi da ke cewa an bayyana yardar Sarki. Ko an yi wata tattaunawa kafin a kai ga layin, ko an canza wata kalma a daftarin, shafin ba shi da hanyar sanin haka.

Haka lamarin yake da ikon rusa majalisa. Dokar 2011 ta ƙayyade wa'adin shekara biyar ta kuma sa kiran zaɓe kafin lokaci a hannun 'yan majalisa, amma a 2022 aka soke ta aka mayar da ikon ga Sarki bisa buƙatar firaminista, tare da sashen da ya hana kotuna duba lamarin. Muhawarar sokewar tana nan a shafin daga farko har ƙarshe, da sunayen waɗanda suka goyi baya. Amma daga ranar da dokar ta fara aiki, shawarar kiran zaɓe ta bar wurin da ake rubuta sunaye ta koma wurin da ba a rubutawa. A Majalisar Lords kuma, ana iya karanta jawaban mambobinta, har da na manyan limaman Cocin Ingila da aka ware wa kujeru 26, sai dai mai karatu ba shi da ƙuri'ar da zai hukunta kowa da ita, tunda ba zaɓensu ake yi ba.

Ga mai karatu a Najeriya akwai alaƙa ta kusa. Daga 1960 zuwa 1963 ƙasar ta yi irin wannan tsari, Sarauniya tana shugabar ƙasa, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana firaminista. Sannan manhajar da mySociety ta ƙirƙira ce aka yi amfani da ita wajen gina shafukan bibiyar majalisa a Afirka, irin su Mzalendo a Kenya da ShineYourEye a Najeriya. Bambancin shi ne irin wannan shafi ba ya iya nuna abin da majalisa ba ta rubuta ba, kuma Majalisar Dokokin Najeriya ta fi yawan yanke hukunci da murya, kamar yadda ta yi a watan Maris na 2025 wajen amincewa da dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, lamarin da kundin tsarin mulki ya ce sai da rinjayen kashi biyu cikin uku.

Ina ba ɗalibai da 'yan jarida da Hausawa mazauna Birtaniya shawarar su yi amfani da TheyWorkForYou, tare da sanin cewa da Turanci yake, kuma Turancin majalisa yana da nasa salon, inda ba a kiran ɗan majalisa da sunansa sai da sunan mazaɓarsa. A nan ma shafin yana taimakawa, domin yakan haɗa irin waɗannan laƙabobi da shafin mutumin da ake nufi. Wanda zai fara, ya fi masa kyau ya bar taƙaitaccen bayanin ƙuri'u tukuna, ya zaɓi muhawara guda ɗaya ya karanta ta gaba ɗaya, sannan ya buɗe rajistar kuɗaɗen waɗanda suka yi magana a cikinta.