Umarnin kunnawa na Group Policy: kyauta ne, amma bebe ne

Duk kamfanin da ke da sabar Windows (babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita) da Active Directory (rajistar asusun ma'aikata da kwamfutoci) ya riga ya biya kuɗin umarnin kunnawa, ko ya sani ko bai sani ba. Tun Windows 2000 yake cikin Group Policy, tsarin da ake kafa wa kwamfutocin kamfani dokoki daga wuri ɗaya. Ka rubuta ɗan umarni, ka maƙala shi a sashen Startup da ke ƙarƙashin Computer Configuration, duk kwamfutar da dokar ta shafa za ta aiwatar da shi da an kunna ta. Da shi nake saka manhajoji a kwamfutocin wurin aikinmu, ban kuma yar da shi ba har yau, sai dai ba kowa zan ce ya rungume shi ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne ikon da yake aiki da shi. Umarnin yana gudana ne da asusun SYSTEM, wanda ba abin da ya fi ƙarfinsa a cikin kwamfutar, don haka ba sai na ba akawu ko sakatariya ikon admin ba kafin a saka musu manhaja. Group Policy yana da wani sashe na saka manhaja kai tsaye, amma fayil ɗin MSI, wato ƙunshin saka manhaja irin na Windows, yake so. Umarnin kunnawa kuwa ba ya zaɓe: MSI ne, layi ɗaya na msiexec (mai saka fayilolin MSI) da /i (saka) da /qn (shiru) ya wadatar, EXE ne, matuƙar yana yarda a saka shi shiru, shi ma ya shiga. Daga Windows 7 aka ƙara masa gurbin PowerShell, harshen rubuta umarni na Microsoft, aiki ya ƙara sauƙi.

Inda sabon shiga ke shan wahala shi ne izini. Ka gwada umarnin da hannunka, ya yi aiki sumul, ka ɗora shi, gari ya waye ba kwamfutar da ta samu komai. Dalili kuwa, a lokacin kunnawa ba kai ne ke neman fayil ɗin a saba ba, kwamfutar ce da nata asusun. Dole a ba rukunin Domain Computers, wato rukunin asusun kwamfutocin kamfanin, izinin karanta foldar da fayil ɗin yake ciki, a kuma rubuta cikakken adireshinta da sunan sabar, domin harafin faifai irin su Z: na ma'aikaci ne, SYSTEM bai san da shi ba. Izinin rubutu a wannan folda kuwa, a kiyaye shi kamar makullin sito, tunda duk wanda ya iya sauya fayil ɗin ya mallaki kwamfutocin ofis gaba ɗaya. Kalmar sirri ma ba ta da wurin zama a cikin umarnin, don duk mai asusu a kamfanin yana iya buɗe SYSVOL, foldar da ake ajiye umarnin a saba, ya karanta.

Ba shi da tunani kuma. Kullum aka kunna sai ya sake gudana, saboda haka layin farko ya zama na duba ko manhajar tana nan, in tana nan ya fita. Windows tana jiransa daƙiƙa 600 ne, sai fa in an sauya adadin, manhaja mai nauyi tana iya zarce hakan.

Babban aibinsa dai rashin magana. Ba allon da zai nuna maka wacce ta samu, wacce ta ƙi. Ko gpresult, mai nuna dokokin da suka shafi kwamfuta, iyakarsa ya shaida maka dokar ta iso, ba ruwansa da ko manhajar ta zauna. Ni na sa kowace kwamfuta tana ajiye rahotonta da sunanta a wata folda dabam, ina bi ina karanta lambobin da msiexec ya dawo da su: 3010 na nufin an gama, saura a sake kunnawa, 1618, wani aikin sakawa ne ya tare hanya, 1603 kuwa ta ce abu ya lalace kawai, ka je ka nemi dalili da kanka.

Sai Fast Startup, tsarin saurin tashi da ya zo da Windows 8 a 2012. Ma'aikaci ya danna Shut down da yamma ya kunna da safe, alhali kwamfutar ba ta yi cikakken tashi ba, umarnin bai gudana ba. Restart ne ke tayar da shi, ko a kashe Fast Startup ɗin. Abin dariya, a ofishinmu ɗauke wuta kan yi mini wannan aikin a kwamfutocin tebur. Laftof ita ce matsalar gaske: wadda ba ta hawa Wi-Fi ko VPN (hanyar shiga netwok ɗin ofis daga waje) sai mai ita ya shiga, lokacin da take neman saba ba hanya, kuma dokar Group Policy da ke tilasta jiran netwok ba ta ƙirƙiro hanyar da babu.

Ofis ɗaya, kwamfutocin tebur a kan waya, manhajar da ba a gaggawarta: nan ya dace, ba kuma sai an je gaban manaja neman kuɗi ba. In gyaran tsaro ne da ake so ya shiga yau, PDQ Deploy, wata manhajar rarraba manhajoji, yana tura shi nan take ya nuna sakamakon kowace kwamfuta. Laftof ɗin da ke yawo tsakanin rassa kuwa Intune, tsarin Microsoft na kula da na'urori, ya kamata a sa musu a kasafi, tunda ta intanet yake riskar su.