Bitar gyaran aikin soja da na halarta a Khartum, da amsar da na ba ɗan ƙanwata

Ɗan ƙanwata, wanda muke zaune unguwa ɗaya da shi a nan Jidda tun da yaƙi ya raba mu da gida, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, wannan ba irin wadda ka taɓa zuwa ba ce? In sa sunana?" Sanarwa ce ta wata bita da za a yi ta intanet a kan gyaran harkar tsaro a Sudan, da kuɗin masu ba da tallafi na ƙasashen waje. Na taɓa zuwa irinta kuwa, ta kwana biyar, a wani otal a Khartum cikin 2021, lokacin ina malamin sakandare a jihar Sinnar. Mu a can warsha muke ce mata. Ba zan ambaci ƙungiyar da ta shirya ba, domin irin hidimar nake son aunawa.

Ta fuskar tsari ban ga abin kushewa ba. An biya mana kuɗin mota ba tare da ja-in-ja ba, an ba mu masauki, akwai tafinta biyu da ke juya Turanci zuwa Larabci, kuma a lokacin da Khartum ke fama da ɗauke wuta da layin burodi, janaretan otal ɗin bai taɓa yin shiru ba.

Rana ta uku ce ta biya ni wahalar tafiyata. Wata mata 'yar Afirka da ta yi aiki da kwamitin tsaro na majalisar ƙasarsu ta raba mana kasafin kuɗin wata runduna ta misali, ta sa muka bi shi layi-layi da biro: ga albashi, ga abinci, ga sayen makamai, ga kuma inda ake cusa sunayen sojojin da babu su sai a takarda. Ni da na shekara ashirin ina koyar da lissafi ban taɓa sanin cewa farar hula yana da hurumin tambayar nawa aka sayi takalmin soja ba. Sai dai tana gamawa wani lauya daga Gadarif ya ɗaga hannu ya tambaye ta yadda za a binciki kuɗin da bai taɓa shiga kasafi ba. Kowa a ɗakin ya san inda ya dosa, domin sojojin Sudan suna da kamfanoninsu irin su Zadna da Giad, Dakarun Kai Ɗaukin Gaggawa (RSF) kuma, wata runduna ta daban da muke kira Da'ama, suna da zinariyarsu ta hanyar kamfanin Aljunaid, har Firaminista Abdalla Hamdok ya faɗa a 2020 cewa kashi 18 cikin ɗari kawai na dukiyar gwamnati ke hannun ma'aikatar kuɗi. Matar ta amsa da gaskiyarta cewa darasinta bai kai nan ba, kuma na ƙara ganin girmanta saboda haka.

Misalan da aka kafa mana su ma ba su zauna daidai ba. An yi ta ambaton Laberiya, inda aka rusa tsohuwar runduna bayan 2003 aka gina sabuwa da kuɗin Amurka, da Saliyo, inda Birtaniya ta horar da sojoji bayan yaƙin basasa. A waɗannan ƙasashe rundunar ta riga ta karye, kuma mai biyan kuɗin horo yana da ta cewa. Tamu tana tsaye da ƙafarta, ta yi shekara 30 tana mulki a ƙarƙashin Umar al-Bashir, ita ce kuma ta sauke shi da hannunta ranar 11 ga Afrilu 2019.

Babban aibin bitar shi ne kujerun gaba. An jera su da kwalaben ruwa da katin da aka rubuta "Rundunar Soja" da "'Yan Sanda", amma wani hafsa ɗaya ne ya zo ranar buɗewa, ya tsaya aka ɗauki hoto, ya tafi. Wanda ya zauna da mu har ƙarshe wani kanar ne mai ritaya, shi ma ba ya sakin baki sai mun fita wajen mai shayi a bakin titi. A nan ya tuna mana cewa takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya ta Agusta 2019, wadda ta raba mulki tsakanin soja da farar hula, ta bar gyaran hukumomin soja a hannun sojojin kansu, ta kuma ba su zaɓen ministan tsaro da na cikin gida. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ustaz, an ba kura ajiyar nama, ku kuma an tara ku ana koya muku awo."

Daga baya na fahimci yadda kuɗin ke tafiya. Dala biliyan 1.8 da masu ba da tallafi suka yi alkawari a taron Berlin na Yuni 2020 don tallafa wa gwamnatin farar hula ce, tare da gyare-gyaren da talaka ya ɗanɗana, kamar cire tallafin mai da karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala a Fabrairu 2021. Majalisar sojan da ta karɓi mulki bayan al-Bashir kuwa, tun Afrilu 2019 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka yi mata alkawarin dala biliyan 3. Da shugaban rundunar soja, Janar Burhan, ya yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoba 2021, Amurka ta dakatar da dala miliyan 700, Bankin Duniya ya rufe famfo, shirin Samarat da ke ba kowane mutum dala 5 a wata ya tsaya. Gwaggona a Maiwurno ce ta ji wannan hukunci a tukunyarta, kamfanonin soja kuwa suka ci gaba da harkarsu.

Akwai kuma abin da ba a taɓo ba ko sau ɗaya, wato wa ake ɗauka aikin tsaro da kuma wa ake karewa. Na tuna da wannan giɓi a Yuli 2022, lokacin rikicin jihar Bulu Nayil, da Hausawa suka yi ta gudu daga Rusairis da ƙauyukan kewaye suna neman mai tsare su. Sannan a ƙarshen Maris 2023 aka yi babbar warsha ta gyaran tsaro a Khartum, wannan karon da manyan hafsoshi a zaune, ta watse a kan ko shekara 2 za a ɗauka wajen shigar da Da'ama cikin soja ko shekara 10. Ranar 15 ga Afrilu aka fara harbi tsakanin soja da Da'ama.

Na ce wa yaron ya sa sunansa, tun da ba kuɗi zai biya ba, kuma kada ya kuskura ya rasa darasin kasafi idan akwai shi. Na kuma ce tun ranar farko ya tambayi masu shiryawa abu biyu: ko akwai mai kaki ɗaya da ya yarda ya zauna har ƙarshe, da kuma ko kamfanonin soja suna cikin manhaja. Takardar shaidar da aka ba ni tana cikin akwatin da na bari a Sinnar.